Gaisuwar Suruki a Gefen Bel

Sana'ata ba ta da wuyar faɗa. Ina sayen shanshera a hannun manoma, wato shinkafar da ba a cire wa ɓuntu ba, in ba mata su turara, in kai inji a gyara, in sayar. A kan keke na fara, ina bin ƙauyukan Kiru da Ɗansoshiya da ɗan buhuna a baya, har Allah ya sa yau mota nake ɗaukowa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a wannan hanya, rabin ransa a bakin inji yake ƙarewa, yana jiran layi ya zo kansa. A wurin jiran nan na ga abin da har yanzu nakan zauna in juya shi a raina, kamar yadda nake juya ƙwayar shinkafa a tafin hannu.

Injin da nake kai kaya yana wani gari a ƙasar Tudun Wada, a bayan kasuwa, cikin rumfar kwano. Na wani Alhaji ne, mutum mai kaffa-kaffa da dukiyarsa, ba mugu ba amma ba ya son asara ko ta ƙwayar zarra. Injin dizal yana gefe ɗaya, abin da ke cire ɓuntun yana ɗaya gefen, doguwar bel ta haɗa su, tana gudu daidai gwiwar mutum. Tsakanin bel ɗin da bango akwai ɗan lungu da ake bi daga ƙofa zuwa inda ake zuba shanshera. Lokacin da aka kawo injin sabo, bel ɗin tana da murfin ƙarfe dogo da ya rufe ta gaba ɗaya. To amma duk ranar da shinkafa ba ta bushe sosai ba, sai injin ya yi nauyi bel ta sauka, kuma kafin a kwance murfin a mayar da ita a sake ɗaurewa, masu jira sun fara surutu. Wata rana aka kwance ba a mayar ba. Da na ƙara ganin murfin nan, a bayan rumfa na gan shi, an kifa shi an zuba dusa a ciki, ragunan Alhaji suna ci. Ya yi daidai da aikin kuwa, har na yi dariya.

Mai kula da injin, kowa Direba yake ce masa. Magidanci ne mai 'ya'ya, ya daɗe a wurin, ya san kukan injin kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Da 'yar riga mai gajeren hannu yake aiki, ta ɗame shi, gashin girarsa kullum fari fat da ƙurar dusa. Yana auren 'yar wani dattijo Bafulatani daga wajen Falgore, mai shanu da kuma 'yar fadamar shinkafa.

Ranar wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Na iske Direba ya tada inji yana sanye da babbar riga shuɗiya, ya naɗe hannayenta ya ɗora a kafaɗu.

"Direba, yau ɗaurin aure za ka ko aiki?" na ce, ina ɗaga murya saboda ƙarar inji.

"Baƙo gare ni," in ji shi. "Baffa zai kawo shinkafarsa."

Ban ƙara tambaya ba, don babu abin tambaya. Namiji ba ya tarar surukinsa da damatsa a waje. Kuma na duba na ga ya naɗe rigar da kyau, ba abin da ke lilo.

Ana cikin zuba kayana sai ga tsohon a bakin ƙofa, da sandarsa da malfa. Ya yi sallama, ƙara ta haɗiye sallamar, sai ya tako cikin lungun nan yana neman wanda zai ji shi. Direba ya hango shi. Ya sauko da sauri ya tare shi a tsakiyar lungun, ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai ya kai hannuwa ƙasa. Da kafaɗa ta sunkuya sai naɗin rigar na dama ya zame ya sauko. Ni dai na ga shuɗin yadi ya taɓa bel, sai na ga mutum ya bi shi. Wani ɗan dako ne ya yi tsalle ya kashe injin. Kafin ya tsaya cak, hannun ya riga ya shiga tsakanin bel da ƙarfen da take zagayawa.

A motata aka kai shi asibiti. Hannun bai fita gaba ɗaya ba, amma yatsu sun tafi sai babban da ɗan guntu kusa da shi, ƙashin ma ya karye. Wanda ya san aikin inji ya san an gama, don wannan hannu ba zai ƙara murɗa abin tada inji ba.

Da farko Alhaji ya yi ƙoƙari. Ya je dubiya, ya sayi maganin kwanakin farko. Sai kuma ƙafarsa ta ɗauke, ya ɗauki sabon direba, maganar da ta riƙa fitowa daga bakinsa ita ce, shi ya sha faɗa kada wanda ya tsaya kusa da inji da babbar riga, wanda ya ƙi ji ba shi da abin cewa. Ga jinya ba ta ƙare ba, ga gida cike da yara, ga babu aiki. Yayan Direba ya kai magana gaban dagaci, yana neman Alhaji ya ɗauki jinyar kuma ya ba ɗan'uwansa abin da zai riƙe iyalinsa da shi. Aka kira ni shaida, tunda a gabana aka yi.

A zauren dagaci aka zauna. Direba yana gefe da hannu rataye a wuya, yayansa kusa da shi. Tsohon ma ya zo tun daga Falgore, ya zauna can kusa da ƙofa, sandarsa kwance a cinya. Alhaji ya yi bayaninsa, ya maimaita maganar riga. Na faɗi abin da na sani game da murfin, har da ragunan. Aka yi 'yar dariya, ban da Alhaji.

Dagaci ya juya wajen Direba. "To kai, me ya kai ka jikin bel da wannan riga?"

"Ranka ya daɗe, sakaci ne nawa. Wucewa na zo yi ban kula ba."

"Wucewa kawai?"

"Wucewa kawai."

Na buɗe baki zan ce ba haka na gani ba, sai muka haɗa ido da shi. Ban taɓa ganin mutum ya roƙi wani da ido kamar haka ba. Na rufe bakina.

Alhaji ya gyara zama. "To, jama'a kun ji da bakinsa. Ni me zan ƙara?"

Yayan Direba ya dubi ƙanensa kamar ya shaƙe shi. Dagaci, da yake ya ga jiya ya ga yau, bai yanke komai ba. Ya ce yana so ya je ya ga injin da idonsa, a dawo mako mai zuwa.

Na koma gida abin yana cina. Ni ɗan kasuwa ne, na saba raba abu. Idan buhu ya jiƙe a mota, na san yadda ake duba ko tamfol ne ya yage ko mai lodi ne bai rufe ba, kowa ya ɗauki nasa. Amma ban taɓa tunanin yadda ake raba hannun mutum ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, wannan kowa ya sani. Abin da ba a faɗa ba shi ne, warin nawa ne, satar nawa ce.

A cikin makon aka yi suna a gidan wani abokina a Ƙofa. Ɗansa lauya ne a birni, yaron da na sani tun yana rarrafe, yanzu ya yi tumbi yana magana a hankali kamar mai tsoron kalmomi su zube. Bayan an ci tuwo na ja shi gindin bishiya na ba shi labarin, ban ɓoye komai ba.

"Baba, wannan ai abu ne da muke gani kullum," in ji shi. "Idan ta je kotu, ba a cewa wannan ne mai laifi shi kenan. Ana duba sakacin mai inji, a duba na wanda ya ji ciwo. Sai a ƙiyasta abin da ya kamata a ba shi, a zabge gwargwadon nasa sakacin, a ba shi sauran."

"Kamar yadda nake zabge nauyin tsakuwa idan an kawo mini shanshera mai datti."

"Kusan haka."

"To da wane mudu kuke auna sakacin?"

Ya yi dariya. "Babu mudu, Baba. Alƙali ne mudun."

"Ashe kasuwarku ta fi tamu haɗari."

Ya ce amma akwai abu ɗaya da alƙalai ba sa wasa da shi. Murfin nan ba don mai lura aka yi shi ba. Mai lura ko babu murfi zai wuce lafiya. An yi shi ne don ranar da mutum zai gaji, ko hankalinsa ya tafi wani wuri, ko ya yi abin da kowane mutum zai iya yi. Wanda ya cire shi ba zai zo daga baya ya ce ai da an kula da ba a ji ciwo ba. Wannan magana ta shige ni, don ban taɓa kallon murfi ta wannan fuska ba. Ya kuma ce akwai tsarin da idan mai masana'anta ya yi wa ma'aikatansa rajista, ana biyan wanda ya ji rauni ba tare da an tsaya tonon laifi ba. Na ce masa injin da nake magana a kai ko allon suna ba shi da shi.

"To shi mutumin naku," in ji shi, "me ya sa zai ce wucewa kawai yake yi? Mai aikin shekaru da ya goga jikin bel da babbar riga haka siddan, wannan ganganci ne babba. Amma wanda ya naɗe rigarsa da kyau, sannan gaisuwa ta sa ta zame, ai wata magana ce daban. Da bakinsa yake ƙara wa kansa kaya."

"Kai ka daɗe a birni," na ce. "Surukin yana zaune a wurin."

Sai ya ce, "Af."

Washegari na je gidan Direba. Na same shi a zaure yana koyon cin ɗumame da hagu, yana ɓata gaban riga. Na ce masa maganar da ya yi gaban dagaci za ta bar 'ya'yansa da yunwa.

"Na sani," in ji shi.

"Ka sani, kuma ka faɗa?"

"To me kake so in ce? In dubi mutumin da ya ba ni 'yarsa, a gaban jama'a, in ce zuwanka ne ya cinye mini hannu? Tun ranar nan bai ƙara cin abincin kirki ba, matata ce ta faɗa mini. Idan na furta, da wane ido zai koma ruga? Ita kuma da wane ido za ta dube ni?"

"Ai ba laifi za ka ɗora masa ba. Yadda aka yi kawai za ka faɗa."

"A kunnensa duk ɗaya ne."

"To ni in faɗa."

"Idan ka faɗa yana zaune, wallahi zan ce ba ka gani da kyau ba."

Na dube shi, na ga da gaske yake. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni mamaki, don kowa a zauren nan ya san yadda aka yi. Dagaci ya sani, ɗan dako ya baza labarin a kasuwa tun ranar. Alhaji ma ya sani. Gaskiyar ba ɓoyayya ba ce, wurin da za a ajiye ta ne babu muddin tsohon yana zaune. Alhaji kuwa a kan wannan ya jingina, ko ya yi niyya ko bai yi ba.

Sai na tuna da kalmarsa, "yana zaune." A ciniki, idan mutum biyu suna jin nauyin juna, ba a haɗa su a kan tabarma ɗaya. Dillali yakan ja ɗaya gefe, ya bar ɗayan ya faɗi abin da ke bakinsa. Wannan aikina ne na kullum.

Ranar zama na biyu na riga kowa zuwa. Na gaida dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, idan ka ga na fita da Baffa, ka sake yi wa yaron nan tambayar da ka yi masa." Ya dai shafa gemu.

Da aka taru aka gama gaishe-gaishe, sai na matsa wajen tsohon. "Baffa, don Allah taimaka mini. Akwai wata saniya a bayan gidan nan da ake so in saya, ni kuwa shinkafa na sani. Zo ka duba mini ita kafin a fara."

Ya tashi a hankali ya biyo ni. Saniyar ta dagaci ce, tana ɗaure a turke tana tuƙa. Tsohon ya zagaya ta, ya ɗaga leɓenta ya duba haƙora, ya shafa ƙugunta. Sannan ya jingina da sandarsa.

"Kai Kaɗo," in ji shi, "wannan ciki gare ta. Babu mai hankalin da zai sayar da ita yanzu."

"Haka ne, Baffa?"

"Kai ma ka sani." Ya dubi bangon zauren. "Har yaushe za mu tsaya a nan?"

"Sai an kira mu."

Ya gyaɗa kai. Muka tsaya. Ya tambaye ni yadda shanshera take a kasuwa bana, na faɗa masa. Na tambaye shi ruwa a wajensu, ya ce da sauƙi. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na yi sallama sau da yawa a bakin ƙofa. Ba wanda ya ji."

"Na gan ka, Baffa. Ba a jin komai a wurin nan."

"Da na tsaya a waje."

"Da an bar murfin a inda maƙerinsa ya sa shi, da ko rawa kuka yi a lungun nan ba abin da zai faru."

Ya ci gaba da shafa wuyan saniyar har aka aiko a kira mu.

Abin da aka yi a ciki, yayan Direba ne ya ba ni labari daga baya. Da dagaci ya sake tambaya, Direba ya dubi inda tsohon yake zaune ɗazu, ya ga wayam, sai ya faɗi komai, murya ƙasa-ƙasa. Alhaji ya ce bel ba ta san suruki ba, kuma dokarsa doka ce. Dagaci ya ce masa shi fa ya riga ya je ya ga injin, ya ga lungun, ya ga kuma inda raguna ke cin dusa. Ya tambaye shi, shi da ya kafa dokar riga, da wace riga yake shiga rumfar ranar Juma'a? Alhaji ya ce shi ai ba ya matsawa kusa. Dagaci ya ce to ba kowa ne aikinsa ya ba shi damar tsayawa nesa ba.

Da muka shigo, hukuncin kawai aka maimaita, kuma aka tsara shi yadda babu inda aka ambaci gaisuwa. Dagaci ya ce Direba yana da nasa, domin ya san inji, ya san an hana babbar riga, da ya kashe shi kafin ya sa rigar ko ya bar wani ya riƙe masa. Saboda haka ba zai sami duk abin da yayansa ya nema ba. Amma kaso mafi girma na wanda ya cire murfi ne. Alhaji zai ɗauki jinya har a warke. Zai kuma mayar da Direba bakin aiki, ba a kan inji ba, a wajen karɓar kaya da awo, inda ido da baki suka fi hannu amfani. Sannan murfin ya koma inda yake kafin a sake tada injin.

Alhaji ya yi gunaguni, ya ce an fi ƙarfinsa. Yayan Direba ma bai ji daɗi ba, shi yana ganin rigar ba ta kai a zabge komai saboda ita ba. Na lura a kasuwa cewa idan mai saye da mai sayarwa duk suka tashi suna ƙunƙuni, yawanci an yi kusa da daidai. Amma kusa ne kawai. Har yau ban san ko an ba shi abin da ya cancanta ba. Nakan yi tunanin da a ce tsohon bai zo ba sam, wani baƙo ne ya ja hankalinsa, shin dagaci zai sassauta haka? Ko da a kotun birni ne, gaban alƙalin da bai taɓa tuɓe wa suruki takalmi ba, wane nauyi zai ba durƙuson nan? Na tambayi lauyan nan wata rana, ya ce ya danganta. Na ce masa wannan amsar ko ni zan iya ba da ita ba tare da na je makaranta ba.

Direba yana nan a bakin sikeli. Ya koyi ɗaure bakin buhu da hagu da haƙori, kuma ya zama mai tsanani a kan shinkafar da ba ta bushe ba, har ni yakan mayar wa da kaya. Abin da yake samu bai kai na da ba, amma ana ɗora tukunya a gidansa, yaransa ba su bar makaranta ba. Ban taɓa jin shi da surukinsa sun yi maganar ranar nan ba, kuma ba na jin za su yi. Da kakar da ta biyo baya, tsohon ya aiko masa da karsana, ya ce ta yara ce su sha nono idan ta haihu. Direba ya karɓa ya yi godiya, bai tambayi dalili ba.